Sunan Chizuru a Kife

Matakalar da ke hawa ɗakin aikinsu ba ta canza ba, gwiwoyin Chizuru Okabe ne suka canza. Da can takan haye ta da naɗin takarda a hammata, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Yanzu sai ta tsaya a tsakiya, ta dafa bango, ta yi kamar tana laluben wani abu a jaka, don kada tsohon da ke sama ya ji shiru ya leƙo. Ta haura saba'in. Fiye da arba'in daga cikin shekarun nan a Basel ta yi su, a wani lungu bayan kasuwa, tana zane da buroshi da baƙar tawada, Balz Imboden yana jera wa zanen haruffa.

Ba mata da miji ba ne, ko da yake rabin unguwar sun ɗaura musu aure da baki tun tuni. Balz ya yi aurensa, ya haifi 'ya'yansa, ya binne matarsa. Chizuru ba ta taɓa yi ba, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili sai ta yi masa murmushin nan nata da ke rufe magana ruf. Aiki ne ya haɗa su: fastoci, wato manyan takardun talla, na gidan wasan kwaikwayo, bangon littattafai, takardar naɗe cakulan ta wani kanti da ya daɗe da rufewa. Ita takan ja layi ɗaya cikin numfashi guda, ya zama kifi, ko reshe, ko mace mai jiran tarago, jirgin ƙasan cikin gari. Shi kuma ya share mako yana matsar da kalma uku gaba da baya a gefen kifin, rula a hannu, fensir a bayan kunne. Tana ce masa Mai Awo, yana ce mata Uwar Tawada. A kusurwar ƙasa ta kowane aiki akwai sunansa da ƙananan haruffa, kusa da shi kuma ɗan jan hatimi mai kusurwa huɗu, sunanta ke nan da rubutun ƙasarsu.

Hatimin nan a kife yake. Tun fasta ta farko a kife yake, ƙafa sama kai ƙasa, kuma duk garin babu wanda ya sani sai ita.

Mahaifinta mai sassaƙa hatimi ne a Kanazawa. Da za ta taho, shi ya sassaƙa mata nata a wani ɗan dutse da bai wuce babban yatsa ba. Bai sa masa alama a gefe ba, don irin wannan hatimi ba a sa masa. Wanda zai ɗora sunansa a kan abu, sai ya juya dutsen ya dubi fuskarsa tukuna, kuma a ɗan tsayawar nan ne yake tambayar kansa ko ya yarda da abin da zai sa wa suna. A hanya dutsen ya bugu da wani abu cikin akwati, gefensa na sama ya ɗan ɓantare.

Balz kuwa tun yana ɗan saurayi a maɗaba'a aka koya masa jera haruffan dalma da hannu. Kowane harafi yana da ɗan tsagi a jikinsa da ke nuna inda ƙafarsa take, har mutum ya jera shafi guda yatsa ne ke gani, ba ido ba. Ranar da ya nemi dutsen don a yi masa kwafi na ƙarfe da zai shiga inji, ta miƙa masa da hannu biyu, ta tafi wanke buroshi. Ya shafa gefen, yatsansa ya faɗa ɓantaren, ya ce a ransa, to, ga tsagin, har mutanen nan ma sun san tsari. Ya danna, ya aika aka yi ƙarfen.

Da gwajin farko ya fito, ya ɗaga shi a gaban ma'aikatan maɗaba'ar, fuska sai walƙiya, ya ce da ita, "Ya yi?"

Lokacin ba ta daɗe da zuwa ba, Jamusancinta bai fi na sayen burodi ba. Ga shi a gidansu ba a ce wa wanda ya ba ka aiki ya yi kuskure a gaban mutanensa. Sai ta ja iska ta tsakanin haƙora, ta karkata kai, ta ce, "Kai, abin da ɗan wuya." A Kanazawa ko mai sharar titi ya ji haka ya san an ce a'a, a'a mai ƙarfi ma. Balz ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Ƙwarai da wuya, amma ga shi mun iya!" Ya ɗaga wa mai inji hannu.

Fastar ta yi farin jini, aka yi ta yabo, aka kawo wani aikin. Ta ce a ranta sai na gaba. Na gaba ya zo, Balz ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ƙarfen nan, har ya yi masa tsagi na gaske da zarto don kada a taɓa juya shi. Magana irin wannan kuwa, in ba a faɗe ta ran farko ba, kullum ƙara nauyi take. Kuma wa za a faɗa wa? Mutumin da ya taɓa sa aka niƙe bugun littafi guda sukutum saboda waƙafi ɗaya ya zame. Mutanen Basel ba su cika yabon kowa ba, amma in an ambaci Balz sukan ce, wannan ai bai taɓa kuskure ba, shi ma bai taɓa musa musu ba. Ba shi da mota, ba shi da gidan hutu a kan dutse, wannan shaidar ita ce dukiyarsa.

Duk aikin da ta aika wa mahaifinta, sai ta sa almakashi ta datse kusurwar ƙasa. Ta ce masa ambulan ɗin ne bai kai ba. Bai taɓa tambaya ba, har ya rasu. Jefi-jefi wani baƙo daga ƙasarsu yakan tsaya gaban fasta a titi, ya karkata kai, ya ƙara karkatawa, in an haɗa shi da ita ya sunkuya ya ce, "Abin sha'awa ne ƙwarai." Ita ma ta sunkuya. Su duka biyu sun san abin da aka ce.

Haka shekaru suka tafi. Kwamfuta ta zo ta kwashe aikin, na titi ya koma hannun samari masu gemu. Idon Balz ya fara yana, har sai ya kusa goga hanci da takarda kafin ya ga layi. Hannunta ya fara rawa da safe, sai rana ta ɗaga yake lafawa. Aka sayar da ginin, aka ce su kwashe kafin ƙarshen kaka, tsohon injin bugun da ke ɗakin kuma babu mai so ko kyauta. A hunturun da ya wuce yayanta ya rasu, wanda shi kaɗai ya rage mai kiran sunanta yadda aka raɗa shi. A nan kowa da yadda yake murɗa shi, ta daɗe da daina gyara musu.

Ana cikin haka wani ƙaramin gidan nuna zane-zane a bakin kogi ya ce zai tara ayyukansu ya nuna. Mai kula da wurin, Seraina, matashiya ce mai ladabi da saurin tafiya. Ta roƙe su su yi fasta ɗaya ta ƙarshe, wadda za a liƙa a gari don sanar da taron. Chizuru ta amsa, ta koma gida, ta dafa shinkafa ta kasa ci. Ba ta son yabo, ba ta son taro, ta gaji da tsayuwa ana ɗaukar ta hoto. Abu ɗaya take so: ta ga sunanta tsaye da ƙafarsa sau ɗaya a garin da ta ƙarar da ƙuruciyarta, kafin a rufe ƙofar nan. Hanyar kuwa ɗaya ce, ta bi ta kan abin da tsohon nan yake taƙama da shi. Tana tsoron hakan har cikin ƙashinta.

Ta sami Balz lokacin hutun hantsi, yana yanka cuku daidai wa daida kamar za a auna. Ta zauna, ta jira numfashinta ya dawo, ta fito da dutsen daga 'yar jakarsa ta ajiye tsakanin kofunan kofi.

"Mai Awo."

"In maganar tsuntsun sabuwar fastar nan ce, ba zan matsar da shi ba. Inda yake nan zai mutu."

"Ba tsuntsu ba. Hatimi." Ta faɗe ta kai tsaye, irin faɗar mutanen Basel, wadda ta yi shekara arba'in tana koyo. "A kife yake."

"Wanne?"

"Duka."

Ya ajiye wuƙar. "Ke dai da tsokana. Da sassafen nan?"

"Dube ni, na yi kama da mai tsokana? Da gwiwoyin nan zan hawo bene don in tsokane ka?"

Ya ɗauki dutsen, yatsansa ya tafi kai tsaye inda ya sani. "Ga tsagi nan! Tsagi ƙasa yake nunawa, ko makaho ya san wannan."

"Ba tsagi ba ne, Balz. Karyewa ya yi a akwati."

Yatsan ya yi ta kai da komo a ɓantaren. Can ya ce, da murya ƙasa, "To me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa."

"Yaushe?"

"Ran farko. Na ce maka abin da ɗan wuya."

"Wannan ce faɗar?"

"A garinmu ihu ne."

"Ihu! Baiwar Allah, shekara arba'in muna cin abinci a tebur ɗaya. Kin ce mini rigata ba ta da kyau, kin ce miyar matata gishiri ya yi yawa..."

"Ban taɓa cewa ba. Na ce tana da ƙarfin hali."

"Au, wannan ma zagi ne?"

Ya tashi ya nufi manyan aljihunan da suke ajiye tsofaffin ayyuka, ya ja na farko, ya zaro fasta, ya kai kusurwar hancinsa, ya juya ta, ya ajiye. Ya zaro wata. Ya ja aljihu na biyu. Tana zaune tana jin ƙarar takarda, kowace kamar a jikinta ake ja. Da ya kai na ƙasa bai iya sunkuyawa ba, sai ya zauna a kan kujerar injin, hannuwa a cinya. Ta ga tsufansa ranar fiye da kullum, ta ji da ma ta bar shi ya mutu da abinsa.

"Tafi gida, Chizuru," ya ce. Ta ma manta rabon da ya kira sunan.

Kwanaki ba ta hau benen ba, shi ma bai kira ba. Ta shayar da furanninta, ta je kasuwa, ta zauna a bakin kogi tana kallon jirgin fito yana kai mutane yana dawo da wasu. Sai wata safiya waya ta yi ƙara, ya ce, "Ki zo ki gani," ya kashe.

Ya juya ƙarfen. Amma Balz ba zai juya abu ɗaya ya bar saura ba. Wai nauyin jan ya koma ɗaya gefen, don haka ya warware duk jerin, ya sake auna kowace tazara, da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi. Idanunsa sun yi jawur. Ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya ja hannun injin da kansa, ya ɗaga gwajin. Wannan karon babu ma'aikata, su biyu ne sai akwatunan kwashe kaya.

"Ni dai a idona ya karkace," ya ce. "Kamar an sa wa mutum hula a gwiwa. Amma naki ne. Ya yi?"

Ta karɓa. Ga shi nan, tsaye. Ta ga inda wuƙar mahaifinta ta shiga da inda ta fita, da ɗan lanƙwasar da yake yi a layin ƙarshe wadda babu mai yin irinta a duk unguwarsu. Ta yi zaton za ta yi murna. Abin da ya zo mata kewa ce, mai nauyi, ta gida da ta mutanen da babu su.

"Ya yi," ta ce.

"Ya yi na gaske, ko ya yi na garinku?"

"Na gaske, tsohon banza."

Tsohon injin ba ya buga girman fastar titi, don haka aka kai wa Seraina gwajin, ita za ta sa a ɗauke shi a kwamfuta a buga da yawa a babbar maɗaba'a. Ta kuma roƙi Chizuru ta kawo dutsen da ɗan gwangwanin jan tawadarsa, a sa su cikin akwatin gilashi mutane su gani.

Ana gobe buɗe taron suka tafi duba wurin. Ruwa ake yayyafawa. A tarago Chizuru ta rufe ido saboda jiri, Balz kuwa ko an liƙa fasta a tagar ba zai gane kusurwarta ba. Suka shiga, ga rayuwarsu duka a bango, ɗaki bayan ɗaki, kifi da reshe da mace mai jiran tarago, kowanne da ɗan jansa a kife. Balz ya wuce ciki a hankali, bai ɗaga kai sosai ba. Seraina ta taho da sauri, ta kama hannun Chizuru, ta ja ta gefe.

"Mama, wata 'yar magana, amma don Allah kada Baba Balz ya ji. A sabuwar fastar ya kife hatiminki. Idon ne, kin gane. Na gwada da duk na bangon nan, ita kaɗai ta bambanta. Sai na sa aka juya shi kafin a buga. Tun jiya aka liƙa ko'ina, babu wanda zai taɓa sani." Ta yi murmushin wadda ta rufa wa dattijo asiri.

Chizuru ta dube ta. Yarinyar kirki ce, ta yi aikinta da kula, irin kular da Balz ya koya wa garin nan. Ta nemi fushi a cikinta ba ta samu ba, gajiya ce kawai, tun daga wuya har tafin ƙafa. Kafin ta ankara ta ja iska ta tsakanin haƙora, kanta ya karkata.

"Kai," ta ce, "abin da ɗan wuya."

"Wallahi kuwa, Mama, amma mun iya!" in ji Seraina.

Daga can ƙarshen ɗakin sandar Balz ta daina ƙwanƙwasa ƙasa. Idonsa ya tafi, amma kunnensa garau yake. Ya juyo, ya tako har inda suke.

"Me aka kife?" ya ce.

Seraina ta fara kame-kame. Da ta gane abin da ta yi, fuskarta ta yi ja, ta ce za ta kira maɗaba'a, za ta roƙa, ko da yake taron gobe ne, kuma an riga an liƙa. Balz ya buɗe baki. Chizuru ta san irin faɗan da ke tafe, ta sha jin sa ana yi wa masu inji. Amma ya dubi bangon da ke kewaye da su, ɗaki guda na shaida a kansa, ya rufe bakin. Da wane ido zai yi wa yarinya faɗa don ta gaskata shi?

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Mu tafi, Uwar Tawada."

A tashar tarago akwai ginshiƙin liƙa fastoci, ga tasu a jiki, ta fi mutum tsawo. Tsuntsun da ta ja da layi ɗaya, haruffansa a gefe, jan a kusurwar ƙasa, ƙafa sama. Suka tsaya a gabanta, ruwa na ɗiga daga lemarsa.

"Wai me yake cewa?" ya tambaya. "Sunan."

"Sai yau?"

"Sai yau."

"Gauraki dubu."

Ya jinjina kai. "Dubu. Duk na sa su suna tashi a rigingine."

"Sun dai iso," ta ce.

Ta sa hannu a jaka neman tikiti, yatsunta suka taɓa 'yar jakar dutsen da gwangwanin. A rikicin nan ta manta ba ta ba Seraina ba. Ta fito da su, ta tsaya tana kallo. Balz ya kawo fuskarsa kusa, ya gane. Wannan mutum ne da bai taɓa tsallaka titi fitila na ja ba, ko da babu mota har iyakar gani. Ya taɓa kai ƙarar wasu samari don sun yi rubutu a irin wannan ginshiƙi. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rufe lemar. Ya buɗe babbar rigarsa ta sanyi da hannu ɗaya ya kare ta daga masu jira, ɗaya hannun ya miƙa mata.

"Riƙe ni ki durƙusa. Yi sauri, kafin a ɗaure mu da tsufanmu."

Gwiwoyin suka yi ƙara, ta kai ƙasa da ƙyar, sanyin dutsen titi ya ratsa ta. Ta buɗe gwangwanin, ta danna dutsen a jan tawadar. Ta juya shi ta dubi fuskarsa, ta ɗan tsaya, yadda aka koya mata. Ta kai shi gefen wancan babban da ke kife.

Daga sama ta ji ya ja numfashi. "Ɗan matsa ha..." Ya haɗiye sauran.

Ta danna inda take so. Da ta ɗaga, ga shi ɗan ƙarami, ya ɗan karkace, ruwa har ya fara taɓa gefensa, amma a tsaye.

"Ya yi?" ya ce. "Ni ba na gani daga nan."

"Ya yi. Ɗaga ni, Balz, na kasa tashi."